Étienne-Jules Marey, Likitan Da Ya Ƙera Bindigar Da Ba Ta Kisa

Duk wanda ya tsaya kallon ƙwallo ko kokowa a unguwar Talladjé, ko a wata unguwa ta birnin Yamai, ya saba ganin samari sun ɗaga wayoyin salula sama. In an zo wurin kaye, sai yaro ya danne maɓalli ya ƙi ɗaga yatsa, waya ta yi ta ɗaukar hoto bi da bi, goma ko fiye a cikin sakan ɗaya. Bayan an watse ya zauna ya zaɓi wanda ya kama ɗan kokowa ƙafafu sama, ya share sauran. Wannan shi ne ɗaukar hoto a jere. Dabarar ta girmi kakannin samarin nan, kuma wanda ya fara haɗa ta cikin na'ura guda da mutum zai saɓa a kafaɗa ba mai sana'ar hoto ba ne. Likita ne ɗan ƙasar Faransa, sunansa Étienne-Jules Marey.

An haife shi ran 5 ga watan Maris 1830 a garin Beaune, cikin yankin Bourgogne, ƙasar gonakin inabi. Mahaifinsa yana aiki ne wurin wasu attajirai masu cinikin ruwan inabi. Tun yana lakwal yaron ya nuna hannunsa na ƙira ne, abin da yake so shi ne ya zama injiniya. Uban kuwa likita yake so, domin garin nasu yana alfahari da wani tsohon asibiti da aka kafa tun 1443. Maganar uba ta rinjaya. A 1849 Marey ya tafi Pari karatun likita, ya kammala a 1859 da wani nazari a kan yadda jini ke zagaya jiki. Ya bi umurnin mahaifinsa bai saki nasa burin ba: ya zama likita, amma likitan da ya ƙare rayuwarsa yana ƙera na'urori.

A zamanin nan, in lokotoro yana son ya san halin zuciyar majinyaci, sai ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya ji bugun jijiya. Likita biyu suna iya taɓa hannu ɗaya, kowa ya faɗi nasa, ba mai raba gardama. Wani Bajamushe, Karl Vierordt, ya riga ya gwada na'urar rubuta bugun, sai dai ta yi nauyi ƙwarai. A 1860 Marey ya fito da tasa, ƙarama, wadda ake ɗaurawa a hannu. Wani ɗan ƙarfe mai tsalle yana kwance a kan jijiya, in ta harba ya ɗaga wani siririn tsinke, tsinken ya ja layi a kan takardar da aka shafe da baƙin hayaƙi, injin agogo yana jan takardar a hankali. Da haka bugun jijiya ya zama rubutu mai hawa da sauka, wanda za a iya ajiyewa, a auna, a gwada da na jiya. Na'urar ta samu karɓuwa, ta kawo masa suna da ɗan abin hannu.

Daga nan ya haɗa kai da Auguste Chauveau, malamin likitancin dabbobi a birnin Lyon. Tsakanin 1861 da 1863 suka riƙa zura siraran bututu ta jijiyoyin wuyan doki har cikin zuciyarsa, dokin yana tsaye da ransa, suka rubuta yadda ɗakunan zuciya ke matsewa ɗaya bayan ɗaya. A 1864 ya kama hayar wani babban ɗaki a saman bene cikin Pari, ya mai da shi wurin bincike da kuɗin aljihunsa. A 1869 aka ba shi kujerar farfesa a Collège de France, wadda ba a kai wa gare ta sai an ci sunan malami.

Abin da ya tsaya a kai duk tsawon ransa guda ne. A ganinsa idon ɗan Adam shaida ne mai nawa, abin da ya cika sauri yana wuce shi, wanda ya cika jinkiri ma haka. Saboda haka bai kamata mai bincike ya dogara da abin da ya gani ba, sai ya yi dabarar da motsi zai rubuta kansa da kansa. Da wannan tunani ya bar zuciya ya koma kan fiffike da ƙafa. Ya kama ƙwaro ya sa bakin fiffikensa yana shafar takarda mai hayaƙi tana juyawa, ya ƙidaya sawun da ya bari, ya samu ƙuda yana kaɗa fiffike sau 330 a sakan, ƙudan zuma sau 190. Ya manna ɗan ƙyallin zinariya a fiffiken zanzaro ya sa shi cikin hasken rana, sai ga bakin fiffiken yana zana lamba 8 a iska. Ya ɗaura wa tantabaru ɗamara mai bututun roba, suna tashi cikin ɗaki suna aika labarin kowane bugu zuwa ga tsinken rubutu.

Na doki ya fi ban sha'awa. Ya sa ƴan ƙwallayen roba a ƙarƙashin kofato huɗu, kowace da bututunta, mahayi yana riƙe da na'urar rubutu a hannu. Duk kofaton da ya taka ƙasa sai ya matse iska, tsinkensa ya motsa. Layuka huɗu suka nuna wace ƙafa ke fara sauka a tafiya, da sassarfa, da sukuwa, suka kuma nuna akwai ɗan lokacin da ba ko ɗaya a ƙasa. Ya tara wannan duka a littafinsa na 1873, La Machine animale, wato dabba a matsayin inji. Amma shi kansa ya san raunin aikin. Tsuntsun da aka ɗaura wa ɗamara da bututu ba ya tashi irin na wanda ke sake a sararin Allah. Kuma layi a takarda yana faɗin lokaci, ba ya nuna siffa.

Maganin ya ɓullo daga nesa, daga jihar Kalifoniya ta Amurka. Can akwai wani hamshaƙin attajiri, Leland Stanford, tsohon gwamna kuma mai kamfanin jirgin ƙasa, wanda son dawaki ya kama. Yana so ya ga da idonsa ko doki na rabuwa da ƙasa ɗungum in yana gudu, ya ɗauki wani mai hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, ya ɗora masa aikin. A watan Yuni 1878, a gonar Palo Alto, Muybridge ya jera kamara 12 a gefen fage, kowace da abin da zai kunna ta in doki ya iso gabanta. Doki ya wuce a guje, kowace kamara ta ɗauki nata. Gani ya kori ji. Hotunan suka tabbatar da abin da tsinken Marey ya rubuta, suka kuma ƙara wani abu da ya kunyata masu zane: lokacin da doki ke sama, ƙafafunsa a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana zanawa.

Marey ya ga hotunan nan a mujallar La Nature a watan Disamba 1878, nan da nan ya rubuta wa editanta yana roƙon a tambayi Muybridge ko zai yi wa tsuntsaye irin wannan. A 1881 Muybridge ya zo Pari, a watan Satumba Marey ya tara masa manyan malamai a gidansa. Baƙon ya kawo hotunan tsuntsaye, amma ba su biya bukata ba. Dalili a fili yake. Doki yana bin hanyar da aka shata masa, tsuntsu kuwa ba ya tambayar kowa inda zai bi. Ban da haka, kamara 12 ido 12 ne, kowane yana kallo daga wurinsa, ga shi tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto ta dogara ga saurin dabbar. Mai awo yana bukatar ido ɗaya, da lokaci wanda agogo ya yanka daidai wa daida.

Marey yana da gida a Posillipo, bakin teku kusa da birnin Napoli na Italiya, inda yakan yi lokacin sanyi. Can ya zauna a farkon 1882 ya ƙera abin da ya sa aka san shi. Ya tuna da wani masanin taurari, Jules Janssen, wanda a 1874 ya je Japan da wata na'ura mai juyawa don ya ɗauki tauraruwar Zahra tana ratsa fuskar rana, hoto 48 cikin sakan 72. Wannan ya isa ga tauraro, bai isa ga fiffike ba. Sa'ar da Marey ya yi ita ce a ƴan shekarun nan an fito da sabon farantin hoto busasshe, mai kama haske da sauri fiye da jiƙaƙƙen da ake fama da shi a da. Sai ya ƙera bindiga sosai, da gindi da kunama da dogon baki. A cikin bakin ya sa gilashin kamara. A inda harsashi ke zama ya sa faifai mai maganin hoto, injin agogo yana juya shi, yana tsayawa sau 12 a sakan, kowace tsayawa wata ƴar taga ta buɗe ta rufe. Mutum ya saɓa, ya auna tsuntsu, ya bi shi da baki, ya ja kunama, ya sami hoto 12 a jere a gefen faifai guda. An ce mutanen unguwar sun ɗauke shi taɓaɓɓe, don kullum suna ganin dattijo yana auna tsuntsayen teku, ba ƙara, ba hayaƙi, ba abin da ya faɗo, shi kuwa ya koma gida yana murna.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da lissafi biyu, domin har gobe su ne ginshiƙin wannan sana'a. Na farko, hoto nawa ake ɗauka a sakan. Na biyu, tsawon lokacin da taga ke buɗe ga kowane hoto. A bindigar Marey tagar tana buɗe kashi ɗaya cikin 720 na sakan. Dokin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin mita 16 da ɗoriya a sakan. Cikin ƙiftawar tagar nan abin da zai gusa bai fi santimita 2 da ɗan kai ba, saboda haka siffarsa za ta fito. Amma tsakanin hoto da mai bi masa ya ci kusan mita ɗaya da rabi, abin da ya faru a wannan tazara kuwa ya tafi ke nan. In an bar taga ta daɗe, hoto ya yi hazo. In an gajarta ta ainun, haske ya kasa, hoto ya yi duhu. Shi ya sa mai ɗaukar abin da ke gudu yake neman rana tsaka, kuma yake fara dannawa tun kafin abin da yake jira ya auku.

Bindigar ba ta gamsar da maƙerinta ba. Hotunan ƙanana ne kamar tambur na wasiƙa, kuma 12 sun yi kaɗan. A cikin 1882 ɗin dai hukumar birnin Pari ta ba shi fili a Parc des Princes, gwamnati ta taimaka da kuɗi, ya kafa tashar binciken motsin jiki. Ya sami mataimaki mai himma, Georges Demenÿ, masanin wasannin motsa jiki. A nan suka juya dabarar. Maimakon faifai ya juya, sai aka bar faranti ɗaya a tsaye, wani faifai mai tsaga yana juyawa a gabansa. Aka gina rumfa mai zurfi aka baƙanta cikinta ƙirin. Mutum sanye da fararen kaya ya bi ta gabanta da gudu cikin rana. Da yake baƙi ba ya taɓa maganin hoto, kowace buɗewar tsaga mutumin kaɗai take bugawa, a sabon wuri. Sai ga tsalle guda ya fito a takarda ɗaya tun daga yunƙuri har dira. Marey ya raɗa wa wannan suna chronophotographie, ma'ana hoton lokaci.

Sai wata matsala ta taso. In mutum yana tafiya a hankali, siffofinsa suna hawa kan juna har a rasa gane hannu da ƙafa. Maganin da Marey ya yi a 1883 ya nuna irin kansa. Ya sa aka ɗinka baƙaƙen kaya har da hular rufe fuska, aka ɗinka fararen layuka a tsawon hannu da ƙafa, da farin maɓalli a kowace gaɓa. Mutum ya ɓace, saura layuka da ɗigo suna tafiya kamar raƙuman ruwa. Masu shirya silima da wasannin kwamfuta na wannan zamani, da suke manna wa ɗan wasa ɗigo a gaɓoɓi don na'ura ta kwafi motsinsa, sawun nan suke bi.

Gwamnati ba don Allah ta ba da kuɗinta ba. Faransa ta sha kashi a hannun Jamus a yaƙin 1870, shugabanninta suna neman yadda soja zai yi tafiya mai nisa da kaya a baya bai gaji ba. An kawo sojoji tashar, an auna takunsu da nauyin da suke ɗauka. An kuma ɗauki maƙera da masu sara da guduma, don a ga inda ƙarfi ke tafiya a banza.

Akwai wani abin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. A 1895 aka yi wani baje koli a Pari inda aka kawo mutane daga Senegal da maƙwabtanta, aka gina musu bukkoki, Turawa suna biyan kuɗi suna kallonsu. Wani likita, Félix Regnault, tare da Charles Comte na tashar Marey, suka je da na'urar hoton lokaci. Suka ɗauki wata mata Bawolofiya tana ginin tukunya, suka ɗauki maza da mata suna tafiya, suna gudu, suna tsugunawa. Waɗannan suna cikin hotuna masu motsi na farko da aka taɓa yi wa mutanen wannan yanki. Sai dai ba don a girmama su aka yi ba. Regnault yana neman hujjar rarraba ƴan Adam jinsi jinsi ta hanyar tafiyarsu, ilmin da zamani ya riga ya yar. An ajiye motsin hannun matar nan, ba a damu da abin da za ta ce ba. An ɗauki shekaru kusan saba'in kafin ƴan Nijar su riƙe kamara da kansu, lokacin da Moustapha Alassane ya fara fitar da finafinansa a farkon shekarun 1960, Oumarou Ganda kuma ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1972.

Tun 1888 Marey ya bar farantin gilashi ya koma ga doguwar takarda mai maganin hoto wadda ke gudu tana tsayawa a bayan gilashin kamara, daga baya ya koma ga fim. Da wannan ya warware wata tsohuwar gardama a 1894. Kowa ya san in aka saki kyanwa ƙafafu sama, a kan ƙafafunta take dira. Masana lissafin motsi suna cewa abin da ba shi da madogara a iska ba zai iya juya kansa ba, lalle dai tana tokarar hannun mai sakinta. Hotunan suka nuna ba ta tokari kome ba. Tana janye ƙafafun gaba ta miƙe na baya, ta murɗa gabanta, sa'an nan ta miƙe na gaba ta janye na baya, ta murɗo ƙugunta. Da aka nuna wannan a majalisar masana kimiyya ta Faransa, sai da malaman lissafi suka koma suka sake duba yadda suke fassara ƙa'idarsu.

A wannan shekara ce kuma ya rabu da Demenÿ, rabuwar da ba ta yi daɗi ba. Demenÿ ya hango kuɗi a cikin hoto mai motsi. A 1892 ya fito da wata na'ura mai nuna fuskar mutum tana magana, wadda aka fara yi don koya wa kurame karanta leɓe, ya kafa kamfani, ya yi rajistar wata dabarar jan fim da sunansa. Marey ya ga an kai aikin tasharsa kasuwa, shekara 12 na zama tare suka ƙare. Ran 28 ga Disamba 1895 ƴan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna silima ga ƴan kallo masu biya a Pari, duniya ta ɗauka. Fim ɗin Marey ba shi da ramuka a gefe, saboda haka tazarar hotunansa ba ta daidaita sosai ba, in an haska su a bango sai su yi rawa. Na Lumière yana da ramuka da ɗan ƙugiya mai ja daidai. Mutumin da ya ƙera abin da ya fi wannan wuya ba zai kasa huda fim ba. Abin bai dame shi ba ne. A wurinsa, nuna wa mutane abin da idonsu ya riga ya iya gani ba ci gaba ba ne, amfanin na'ura shi ne ta rage saurin abin da ya fi ƙarfin ido, ko ta ƙara wa mai nawa sauri. Ta fuskar ilmi yana da gaskiya. Ta fuskar abin da jama'a ke so kuwa, Demenÿ ya fi shi hangen nesa, ko da yake shi ma bai ci ribar ba.

Girma dai bai rasa shi ba. Ya shugabanci majalisar masana kimiyya a 1895. Littafinsa na 1890 a kan tashin tsuntsaye ya zama abin karatu ga masu neman ƙera jirgin sama. Da tsufa ya kama shi, ya bar dabba ya koma ɗaukar iska kanta: tsakanin 1899 da 1901 ya ƙera akwati mai gilashi inda siraran zaren hayaƙi ke sauka a jere, ya sa musu abu a hanya, ya ɗauki yadda suke kaucewa suna murɗewa a bayansa.

Ya rasu a Pari ran 15 ga watan Mayu 1904, yana da shekara 74. Mako ɗaya kafin nan, ran 8 ga wata, Muybridge ya rasu a Ingila, shi ma haihuwar 1830. A cibiyar da ke ɗauke da sunan Marey, almajirinsa Lucien Bull ya ci gaba da aikin. Ya bar taga mai buɗewa da rufewa ya koma ga tartsatsin lantarki, ya ɗauki ƙwari suna tashi a sake, ba ɗamara ba takarda mai hayaƙi, hoto fiye da 1000 a sakan ɗaya.